Ɓamɓaroki a Jikin Doki: A San Sababi Kafin a Ɗauko Magani

Wata rana cikin bazara, lokacin da alkama ta riga ta bar gona, masu shinkafar rani kuma suna ta fama da korar tsuntsu, na kai ziyara wurin wani aminina a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, mutumin da ya gaji kiwon doki daga mahaifinsa, wanda kuma da za a ce ya zaɓa tsakanin ya kwana da yunwa ko dokinsa ya kwana babu dawa, ba zai nemi shawarar kowa ba. Na tarar da shi tsaye a bakin turke ransa a ɓace, yaron da ke yi masa hidimar barga kuwa yana riƙe da gwangwani cike da baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin ban-ruwa, yana goga wa wani akawal a gadon baya da tsumma. Bayan mun gaisa na tambaye shi abin da ya sami dokin, sai ya ce, "Alhaji, ƙazuwa ce, mako uku ke nan muna shafa masa, abin sai gaba yake yi." Na roƙe shi ya dakatar da yaron, na matsa kusa, na sa farce na ɗaga ɗaya daga cikin ɓamɓarokin da man bai kai gare shi ba, wajen kuturi. Dokin ya zabura, ya murɗe jiki don zafi, ɓamɓarokin kuwa ya taso tare da wani ɗan tsukun gashi a tsaye cikinsa kamar bakin burushi, ƙarƙashinsa a lotse, jiƙe da mugunya, fatar wurin ja wur. Na ce masa, "Malam, ka taɓa ganin ya goga wurin nan a jikin garu ko itace?" Ya yi shiru yana tunani, sa'an nan ya ce bai taɓa gani ba.

Wannan amsa tasa ita ce asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin dokin da ke da ƙazuwa ta hakika ba ya samun sukuni, yini yake yana neman abin da zai sosa jikinsa da shi har ya kai ga ɗaye fatarsa, wanda kuwa ciwonsa zafi ne ba ƙaiƙayi ba, to, a nemi illarsa a wani wuri dabam. Mun saba, mu masu sha'awar doki, duk sa'ad da muka ga gashi ya zube, fata ta yi ɓawo, mu kira abin da suna guda, mu ɗauko masa magani guda, alhali kuwa cututtukan da ke bayyana da wannan siffa sun fi ƙarfin yatsun hannu ɗaya, kowace da nata sababi, kowace da nata magani, har ma maganin wata yakan zama taki ga wata. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma ban san inda maganar nan ta fi dacewa ba kamar fatar doki.

Magabata ba su ɗauki wannan fanni da wasa ba. Ilmin baiɗara, watau likitancin dabbobi, yana da littattafansa da malamansa tun zamanin Abbasiyawa, lokacin da Ibn Akhi Hizam ya yi talifi a kan hawan doki da jinyarsa a ƙarni na 9 na Miladiyya. A ƙarni na 14 kuma Abubakar ɗan Badruddin, mai kula da lafiyar dawakin Sarkin Masar Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, ya rubuta littafin nan Kamilus Sina'ataini. Ya kuma tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya, malamai irin su Imam Nawawi suka yi bayani cewa cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Saboda haka binciken sababi aikin addini ne, ba ya cin karo da tawakkali, wanda ya bar shi kuma ya yi sakaci da amanar da aka ɗaure masa a turke.

Abin da ya sa na keɓe ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam da magana shi ne, ruwa ya sauya wa wannan yanki kalandarsa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwa ta manyan kanal da ƙanana zuwa Kadawa da kewayenta, aka tsara wa kashin farko na aikin kimanin hekta 22,000, Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 kuma ta karɓi ragamarsa, ƙasar da dā ke bushewa ƙayau daga kaka har faɗuwar ruwa ta zama kore shekara zagaye. Wannan ni'ima ce babba, ba kuwa ni ne zan raina ta ba, ni da na ga abin da shinkafa da tumatir da albasa suka yi wa gidajen talakawa a nan. Amma ya kamata a lura da cewa kakanninmu sun gina dukan iliminsu na kiwon doki bisa ga shekara mai damina da rani, sun san cewa ciwon da damina ta kawo, iskar hunturu da zafin bazara za su busar da shi ko da ba a yi masa kome ba. Dokin da ke ɗaure a gefen kanal a yau ba shi da wannan hutu: ƙasar da yake tsaye a kai tana da laima, ciyawar da ake yanko masa daga kunyar shinkafa jiƙaƙƙiya ce, yara suna kai shi wanka kullum domin ruwan kyauta ne, ƙuda da sauro da kaska kuma ba su da wani watan da suke ɗaukewa ɗungum.

Ciwon da na fi zato a jikin akawal ɗin nan shi ne wanda makiyaya suka sani a jikin shanu da sunan kirci. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi daga jinsin bakteriya, wadda masana suka raɗa wa suna Dermatophilus congolensis, domin a ƙasar Kwango aka fara bayyana ta a 1915. Ɗabi'arta abin mamaki ce ga mai tunani: tana iya kwanciya cikin busasshen ɓamɓaroki watanni ba ta motsi, amma da zarar ruwa ya jiƙa shi ya daɗe, sai 'ya'yanta su farka, su yi iyo a bisa fata suna neman ƙofa, ƙofar nan kuwa ba ta wuce cizon ƙuda, ko kafar da kaska ta huda, ko ƙarzunar ƙaya, ko inda sirdi ya goge. Sharuɗɗanta biyu ke nan, laima mai ɗorewa da rauni a fata, in ɗaya ya ɓace ba ta samun shiga. Wannan ne ya sa take bin hanyar da ruwa ke bi a jikin doki, daga doro zuwa gadon baya zuwa kuturi, ta gangaro gefe. In kuwa tsayuwa cikin taɓo ce matsalarsa, sai ta kama bayan dunduniya, bisa kofato, wurin ya tsattsage ya kumbura har doki ya riƙa ɗingishi. A wajen shanu an daɗe da sanin cewa babbar kaskar nan mai zane a baya tana tsananta ciwon ƙwarai, shanu da dawaki kuwa a wannan yanki mashayarsu ɗaya. Da na bincika sai na ji cewa kowace safiya ana kai akawal ɗin kanal a wanke shi, a dawo a aza masa zubka da sirdi tun bai bushe ba, a fita kilisa, da yamma kuma a kwance a rataye kayan cikin ɗaki mai duhu, gobe a mai da su da danshinsu. Damina ce aka ƙirƙira masa a ƙarƙashin sirdi, a tsakiyar bazara.

Makero dabam yake da wannan, ko da yake daga nesa ido zai iya rikicewa. Shi dangin fumfuna ne ke kawo shi, yana cin gashi da saman fata kawai, yana farawa da 'yan tudun gashi ƙanana, sa'an nan gashin ya karye ya bar da'ira kamar an ɗora kwabo, mai furfurar ɓawo busasshe, galibi a inda majayi ke ɗaurewa da ƙarƙashin sirdi da wuya da fuska. Ya fi kama ƙananan dawaki, kuma sau da yawa yakan warke da kansa cikin wata ɗaya zuwa uku. Haɗarinsa yana cikin yaɗuwa, domin ƙwayoyinsa suna rayuwa watanni a jikin majayi da jalala da ragama da burushi, mu kuwa al'adarmu ce aron kayan doki. Kowace Sallah, in hakimai suka yi shirin shiga birni domin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, hawan da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, da kuma kowane hawan angonci da samari ke yi a ƙauyuka, kayan doki ɗaya yakan hau baya uku ko huɗu cikin mako guda ba tare da ya ga sabulu ko rana ba. In ka ga dawaki biyu ko uku na barga ɗaya sun fito da da'ira a gefen ƙirji mako biyu ko uku bayan hawa, ka duba hannun yaron barga da kan yaran gidan, domin makero ba ya bambanta mutum da dabba.

Ƙazuwa ta gaskiya, wadda muke jingina wa kowane ciwo sunanta, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne da ido ba ya gani, waɗansu suna haƙa rami cikin fata, waɗansu suna zama a samanta; alamarta ƙaiƙayi ne na fitar hankali, irin wadda ke kama ƙafa kuma takan sa doki ya yi ta buga kofato a ƙasa yana cizon ƙwaurinsa. Ƙwarƙwata ba ta da wuyar ganewa ga wanda zai buɗa geza a rana ya duba, ta fi yawa kuma ga dokin da ya rame cikin hunturu. Akwai wani ƙaiƙayin da ba a cika kawo shi a rai ba, alhali ƙasar noman rani gidansa ce: wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙyashi, wanda ke ƙyanƙyasa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai haɗe da taki, irin ta inda kanal ke yoyo, yana cizo da almuru da asuba, waɗansu dawaki kuma jikinsu ba ya jure yawunsa, sai su yi ta gurzar gindin geza da gindin wutsiya har gashin ya kakkarye, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo. Wannan ba ya tsallakawa daga doki zuwa doki, za ka ga ɗaya yana wahala, na kusa da shi lafiya lau. Shi dai ƙwaron nan ne kuma ke ɗauko annobar dawaki ta Afirka mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, saboda haka hayaƙi da yamma, da ɗaure doki nesa da gulbi, ribarsu biyu ce.

Na zo kan waɗanda suka fi tsoratar da ni. Akwai gyambon da ba ya warkewa a lokacin zafi, a gefen ido ko a kan kaciya ko a ƙafa, mai tsiron nama ja da 'yan tsaba rawaya a ciki. Asalinsa tsutsar tumbin doki ce, wadda ƙwanta ke fita cikin kashi, tsutsar ƙuda ta ci, ƙudan ya girma ya sauke 'ya'yan tsutsar a kan miki maimakon bakin doki. Wanda bai kwashe kashin barga ba, shi ke kiwon wannan gyambo da hannunsa. Akwai kuma, wanda ya fi wannan muni, ƙurajen da ke fitowa a jere kamar carbi, suna bin wata jijiya daga ƙafa zuwa ƙirji ko wuya, jijiyar ta yi tauri kamar igiya a ƙarƙashin fata, kaluluwa ta kumbura, kowane ƙurji ya fashe ya zub da mugunya mai kauri, ya yi ɓawo, ya sake fashewa. Wani dangin fumfuna ne mai shiga ta rauni, ƙuda da kayan doki suna ɗaukarsa, ya addabi dawakin amalanke a ƙasar Habasha, kuma likitocin dabbobi sun san shi a arewacin Nijeriya. In an tare shi da wuri, maganin aidin yana yin tasiri. In ya bazu, sau da yawa sai dai haƙuri. Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne yana kama da wata tsohuwar cutar dawaki mai haɗa gyambon hanci da ƙurajen fata, wadda take kama mutum har ta yi ajalinsa, ido kuwa ba ya iya raba su sai da gwaji. Duk wanda ya ga ƙuraje a jere haka, wajibi ne ya ware dokin, ya hana yara taɓa mugunyar da hannu, ya nemi likita a ranar, kada ya kai shi kasuwa ya sayar wa ɗan'uwansa Musulmi da aibi a ɓoye. Zan ƙara da cewa a Barazil da ƙasar Masar an san wani gyambo mai saurin girma da ke kama ƙafa da cikin dawakin da ke tsayuwa cikin ruwan fadama, saboda haka likitan da ke aiki a ƙasar shinkafa ya kamata ya riƙe shi a zuciya.

Wani lokaci kuma babu ƙwayar cuta ko kaɗan. Doki mai farin goshi da fararen ƙafafu, in ya ci wata ciyawa mai guba ko hantarsa ta sami illa, rana takan ƙona masa farar fatar kaɗai, ta ɗaye ta yi ɓawo, baƙar kuwa ko gezau; in ka ga ciwo ya tsaya daidai kan iyakar launi kamar an ja masa layi, to, hanta da abinci za a bincika. Igiyar roba da ta maye gurbin ta rama wajen dabaibayi tana yanka bayan dunduniya. Ruwan ƙaramin kanal da manomi ya wanke tankin feshinsa a ciki da safe, shi ne yaro zai wanke doki da shi da hantsi.

To, mai karatu ya auna wannan duka da abin da muke yi. Baƙin mai yana toshe fata, yana riƙe laima a ƙarƙashin ɓawo, watau yana cika wa kirci sharaɗinsa, ga dattin ƙarfe da gubar da ke cikinsa, ga zafin rana da baƙinsa ke tarawa a bayan dabba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Larabawan dauri sun shafa wa raƙumansu kwalta ta itace saboda ƙazuwa, gaskiya ne, amma wannan ba kiyasi ba ne ingantacce, domin abin shafawar ba ɗaya ba ne, ciwon ma sau da yawa ba ɗaya ba. Maganin kaskar shanu mai suna amitraz yana tsai da hanjin doki, yana iya kashe shi, ga shi kuma ana samunsa a kantunan maganin dabbobi. Ibamektin magani ne na ƙwarai ga tsutsa da waɗansu ƙwarin ƙazuwa, amma ba ya taɓa kirci, ba ya taɓa makero, kuma ta baki ake ba doki shi. Allurar nan ta dekisa da ake yi don kumburi ya saɓe tana kwantar da ƙaiƙayin ƙyashi, amma in ciwon na fumfuna ne ko na bakteriya, sai ta karya garkuwar jiki ta buɗe masa hanya. Duk wanda ya bi kantin magani ya ce a ba shi "na ƙuraje" ba tare da an ga dokin ba, kuɗinsa yake jefawa cikin duhu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba magana ce ta banza ba: likita yana nesa, kuɗinsa da nauyi, tsofaffin masu doki kuma sun yi shekara da shekaru suna jinya ba su san madubin likita ba. Ina girmama tsofaffin nan, a wurinsu na koyi duban doki tun daga kofato, kuma na shaida cewa nagartattunsu ba sa saurin yanke hukunci. Sai sun tambaya yaushe abin ya fara, a wane gefe, yana sosawa ko ba ya yi, wa ya hau shi, kayan wa aka ɗaura masa, ina yake kwana, sa'an nan su yi magana. Tambayoyin nan kyauta ne, kuma su kaɗai suna raba rabin cututtukan da na ambata. Ragowar rabin kuwa abin da yake bukata bai taka kara ya karya ba: reza, da ɗan gilashi, da ɗigon rini, da madubi mai girmama abu, da mutum ɗaya da ya san abin da yake kallo. Ƙasar da ke da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924, da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya fiye da shekara 50, ba ta rasa masu wannan sani ba. Abin da nake roƙo ga ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, da hakimai da dagatai waɗanda martabar hawansu a kan bayan dabbobin nan take, shi ne su haɗa hannu a sami wuri ɗaya a yankin, ko da ɗaki guda ne a ranar kasuwa, inda mai doki ko mai saniya zai kawo ɓamɓaroki a ƙunshe cikin takarda a duba masa kafin la'asar; a kuma sa likita ya zaga barga-barga mako uku kafin kowace Sallah, tun kayan aro ba su fara yawo ba. Gyaran kanal masu yoyo, wanda manoma suka daɗe suna nema saboda asarar ruwa, zai amfani dabbobinsu ta inda ba su zata ba.

Aminina ya yarda, bayan 'yar gardama, muka ƙunshe ɓamɓaroki uku muka kai wa wani likitan dabbobi a Kano. Ya jiƙa ɗaya da ruwa, ya murza shi a kan gilashi, ya rina, ya duba, sa'an nan ya kira mu mu leƙa: ƙwayoyin suna jere layi-layi a gefen juna kamar hanyar jirgin ƙasa, wadda ita ce shaidar kirci. Ya yi umurni a wanke man da sabulu, a riƙa jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi mai aidin har ya yi laushi a cire a hankali a ƙone, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, a yi allurar fenisilin na 'yan kwanaki, a daina wankan kanal, kada sirdi ya hau shi sai fata ta rufe, a wanke zubka a shanya ta a rana tsaka. Aka tumɓuke turken daga bayan gida inda ruwan makwarara ke kwanciya, aka kafa shi a kan tudu, aka zuba yashi. Da na koma bayan wata biyu, gashi ya rufe kuturi da gefuna baƙi ƙirin kamar dā, sai dai a tsakiyar gadon baya, daidai inda aka yi mako uku ana goga baƙin mai, gashin da ya tsiro fari ne, faɗinsa kamar tafin hannu, har yau kuma yana nan.